Man da Aka Bari a Tankin Malam

Kafin wani mutum ya buɗe baki, babur ɗin ne ya faɗa mini.

Ranar Laraba ce, an idar da azahar ba da daɗewa ba. Ina tsakar gida ina wanke bakin injin markaɗe, sai na ji ƙarar babur ɗin maigidana ta shigo lungunmu. Ƙaramin babur ne, irin wanda ake kira roba-roba, kuma ko cikin babura ɗari ne ina gane muryarsa. Na yi mamaki, domin Malam ba ya baro rumfarsa ta gyaran injuna a Kabo sai la'asar ta yi sanyi. Babur ɗin ya tsaya a ƙofar gida. Sai aka murɗa mukulli, ya mutu nan take.

Na ajiye soson da ke hannuna. Shekara biyu Malam bai kashe babur ɗin nan da mukulli ba. Idan ya iso, sai ya sunkuya ya rufe ɗan famfon da ke sakin mai daga tanki, ya bar injin yana ta ƙugi a hankali har ya shanye abin da ya rage a cikinsa. Zai yi tari sau biyu ko uku, sannan ya yi shiru da kansa. A cikin wannan ɗan lokacin nake ɗebo ruwan sha in shimfiɗa tabarma. Ranar nan ban samu lokacin ɗebo ruwa ba.

Muryar da ta yi sallama ta mai faci ce, wanda rumfarsa ke jikin ta Malam. Bai ce a kira ni ba. Cewa ya yi a yi masa magana da Yaya, wan Malam, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Na tsaya inda nake, ruwan ƙullu yana bushewa a hannuna, har Yaya ya shigo. Ba hula a kansa. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar.

Ya ce, "Sai haƙuri. Mai shi ya karɓi abinsa."

Daga baya mai facin ya ba da labari. Malam yana sunkuye a kan wani injin ban-ruwa da aka kawo daga Garo, sai ya dafa ƙasa ya ce jiri yake ji. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Motar da ta ɗauko shi tana baya, shi mai facin ya yi gaba da babur don kada mu ji a waya. Kafin magariba an kai Malam makwancinsa.

Wannan ɗabi'a ta rufe famfo ta samo asali ne tun lokacin da fetur ya yi tsada, har masu noman rani suka fara barin injunansu a gida. Sai wani mai ya ɓullo a hannun masu sayarwa a galan a bakin titi. Fetur ne da aka gauraya da wani farin ruwa da ake tatsowa daga rogo ko rake, ana ce masa itanol. Wani galan ɗin gaurayen kaɗan ne, wani kuwa farin ruwan ya kusa rinjayar fetur. Ya fi sauƙi, mutane suka yi ca a kai. Ba a yi wata uku ba rumfar Malam ta cika da matattun injuna: na ban-ruwa, na niƙa, ƙananan janareta, babura.

Wasu makanikai suka ce a guji man kawai. Malam kuwa ya kawo galan ɗaya gida ya zauna da shi kamar baƙon da ake son a san halinsa. Ya samo wata siririyar kwalba, ya zuba ruwa kaɗan, ya ja layi da ƙusa daidai inda ruwan ya tsaya, ya cika ta da man, ya girgiza. Da ya lafa, sai ruwan ya hau sama da layin.

Ya ce, "Injiniya, zo ki gani." Haka yake kirana tun da ya koya mini tayar da injin markaɗe da kaina. "Kin ga yadda itanol ɗin ya bar fetur ya koma wa ruwa? Ɗan'uwansa ne. Ko a iska ya ji danshi sai ya jawo shi. In yana tafiya ba ruwansa da kowa. In ya zauna, shi ne zai ci tanki, ya ci tiyo, ya toshe kafireto."

Na ce, "To me ya sa za ka zuba shi a babur ɗinka?"

"Don in na ce wa mutane su daina ba za su daina ba. Gara in san yadda ake zama da shi."

Ya canza tiyon babur ɗin da wani mai tauri. Ya kwance kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga injin, ya fito da wasu 'yan ƙarafa biyu masu huda kamar ta allura, waɗanda ake kira jet. Ya ce sabon man ba shi da ƙarfin fetur, sai an ƙara buɗe masa hanya. Kwana uku yana faɗaɗa hudar da wata 'yar waya, ya mayar, ya hau ya je Kutama ya dawo, ya cire fulogi ya duba launinsa, ya sake kwancewa. Ran na huɗu ya shigo yana murmushi.

Yaya bai ji daɗin abin ba. Wata safiya ya tarar da Malam yana zuba man da mazurari, ya shinshina, ya ja da baya.

"Wannan ai warin burkutu yake. Yanzu kai da girmanka babur ɗinka giya yake sha?"

Malam ya ce, "Shi ba a wajabta masa salla ba, Yaya."

Na toshe bakina da mayafi a bayan ƙyaure kada dariya ta fito. Yaya ya yi tsaki ya wuce, amma bayan mako biyu nasa injin ban-ruwan ya ƙi tashi, ya aiko da shi a baro.

Ni ma Malam ya gyara mini injin markaɗena ya koma shan wannan man, ya kafa mini doka guda. In na gama aikin yini, in rufe famfo in bar shi ya mutu da kansa. In kuwa zai wuce mako bai yi aiki ba, in juye tanki duka, in kwance ɗan notin da ke ƙasan kafireto ya tsiyaye. Ya sa na yi a gabansa har sau biyar. Ya ce, "Ki bar tuwo ya kwana, da safe ki ɗumama. Wannan ba ya ɗumamuwa."

'Yarmu, wadda ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yanmu, ta gama makarantar kiwon lafiya a shekarar da Malam ya rasu. Aka tura ta wani ƙaramin ɗakin shan magani can wajen Mainika, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Kowace Juma'a da yamma Malam yakan kai ta filin makarantar firamare ya koya mata tuƙi, yana bin ta da gudu yana riƙe da ƙarfen bayan babur, mutum mai furfura. Ya ce da kaka ta yi zai nemi wani babur, wannan ya zama nata. A gabana ya faɗa. Bai kai kaka ba. A ƙarshen bazara ya rasu, ruwan farko ya sauka ana sadakar uku.

Washegarin sadakar bakwai Yaya ya tattara kayan Malam: akwatin sifanu, injuna biyu na sayarwa, da babur. Ya tura su cikin shagon da ke jikin zaurenmu. Ya ɗora babur ɗin a kan katako don kada taya ta taɓa ƙasa, ya lulluɓe shi da babbar leda, ya ɗaure da igiya, ya sa kwaɗo a ƙofa. Ya ce ba za a raba gado ba sai an cire amfanin gonar Malam da ke Garo, a haɗa komai wuri ɗaya. Kafin nan ko tsinke kada a taɓa.

Ina cikin takaba, ba na fita zaure. Da yamma da ya shigo gaishe ni, na yi masa magana daga bayan labule.

"Yaya, akwai mai a cikin babur ɗin nan. Ya kamata a juye shi."

"A juye a kai ina?"

"Ko a zubar. Ko in zuba a injina kada ya lalace."

Ya maimaita a hankali, "A injinki."

Kalmar ta dawo mini kamar ba daga bakina ta fita ba. Kwana takwas da binne mijina, ga ni ina neman a ɗebo mini abu daga cikin kayansa.

Yaya ya ce, "Ban zarge ki da komai ba. Amma autanku bai balaga ba, maraya ne. Man nan ma nasu ne. Ni ba zan tsaya gaban Allah a kan kofi ɗaya na dukiyar maraya ba. Zubarwa kuma almubazzaranci ne. Mai ba nama ba ne da zai ruɓe."

Na so in ce masa wannan yana ruɓewa. Na so in ɗauko kwalbar nan mai layi in nuna masa. Abin da na ce shi ne, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Ba mugun mutum ba ne. Duk damina shi ya yi mana noma, kuma ko zangarniya ɗaya bai kai gidansa ba. Tsoron Allah ne ya sa shi rufe ƙofar nan. Ledar da ya lulluɓa ma don kula ne, bai san danshi take tarawa ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, akwai mukulli na biyu na wannan kwaɗon. Yana cikin aljihun rigar aikin Malam da ke rataye a ɗakina. Na same shi ranar da na sauko da rigar don in shinshina ta.

Wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, lungu ya yi tsit. Na ɗauki mukullin da sukundireba da wani tsohon kwano na nufi zaure. Aikin ba zai kai tafasar ruwan shayi ba. In rufe famfo, in kwance noti, in zare tiyo in tara kwano. Na tsaya a ƙofar shagon, mukulli yana taɓa kwaɗo. Sai na ga kaina yadda mai wucewa zai gan ni: mace mai takaba, ita kaɗai, tana buɗe ɗakin da aka rufe kayan gado, da kwano a hannu. Na ji yadda za a faɗe shi a gidajen suna da wajen niƙa. Na ji yadda zai isa kunnen 'ya'yana. Babu wanda ya zo, ko akuya ba ta gifta ba. Na koma ɗaki na mayar da mukullin cikin aljihu.

Na sake yin haka sau biyu. Kowane karo a ƙofar nake tsayawa.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Bango ya jiƙe har gishiri yana narkewa a cikin gwangwani. Wajen sadakar arba'in wani wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon, ba na fetur ba, wani mai tsami-tsami kamar gasarar da ta kwana uku. Masu zuwa gaisuwa ba su lura ba. Ni kuwa ko ina salla ina jin sa.

'Yata ta ci gaba da zuwa aiki. Wata rana ta samu ɗan acaɓa, wata rana ta taka daga bakin titi cikin taɓo, ta dawo da takalmi a hannu. Wani yammaci tana wanke ƙafa a bakin rariya ta ce, "Inna, kina jin warin nan?"

"Ina ji."

"Baba ya ce ba a barin sa ya wuce mako."

"Na sani."

"To mu gaya wa Baba Yaya mana."

"Na gaya masa."

Ta dube ni, ta ci gaba da wanke ƙafarta. Ba ta san da mukullin ba. Da ta sani, da a daren farko ta buɗe, domin ita ba ta gaji irin kunyata ba.

Na fita takaba, aka yanke gero, aka yanke dawa, sannan Yaya ya kira malamin da zai raba gado. Da aka zo kan babur, 'yata ta ce a sa mata shi cikin rabonta, 'yan'uwanta maza ba su yi musu ba. Yaya ya ciro mukulli daga aljihu ya buɗe shagon, yana alfahari da yadda ya adana kaya. Ya kwance igiya ya yaye leda. Ruwa ya gangaro daga cikin ledar. Daga waje babur ɗin yana nan yadda yake, har da ɗan tsumman da Malam yake cusawa a ƙarƙashin kujera.

Babban ɗana ya taka kik sau ashirin ko fiye. Ko tari bai yi ba.

Mai facin nan yana wurin, ya zo shaida. Ya buɗe murfin tanki ya haska da fitilar waya, ya kira Yaya ya leƙa. Man ya rabu biyu. Na sama ya yi ja, na ƙasa ya zama ruwa mai kauri, cikin tankin ya yi tsatsa kamar tsohuwar garwa. Da aka taɓa robar bakin famfo sai ta marmashe.

Mai facin ya dafa kansa ya ce, "Ni ne. Na san yana rufe famfon nan kullum. Ranar hankalina ba ya jikina."

Yaya ya daɗe yana kallon cikin tankin. Sannan ya juyo wajen da nake tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Bai ɗaga ido ba.

"Kin faɗa mini."

Na ce, "Ƙaddara ce, Yaya."

Ya ɗauka yafe masa nake yi. Ni kuwa a lokacin hannuna yana kan mukullin, na ƙulle shi a bakin zanena.

Aka kai babur ɗin wajen wani bakanike a nan Gwarzo, wanda ya taɓa aiki tare da Malam tun suna samari. Ya wanke tankin da tsakuwa da kananzir, ya liƙe inda ya huje, ya canza tiyo da famfo. Kafireton kuwa ya aiko mini da shi a leda, da saƙo. Ya ce a sayi sabo a kasuwa a ɗaura, a koma zallan fetur, gobe ma babur zai tashi. Wannan ya toshe da wani farin abu kamar kanwa, kuma hudar da Malam ya faɗaɗa da hannunsa ba wanda ya san iyakarta. In ya sa waya ya zungura, zai iya wuce inda Malam ya tsaya, shi ke nan ya lalace.

'Yata ta ce, "Inna, a sa sabon. Tafiyar nan ta ishe ni."

Gaskiyarta. Na ce ta ba ni mako ɗaya.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, na kwance kafireton yadda na ga Malam yana yi, ina jera kowane abu daga dama zuwa hagu don in san yadda zan mayar. Na jiƙa su a kananzir. Na goge farin abin da tsohon buroshin haƙori. A jikin ƙaramin kwanon kafireton na ga inda sukundirebarsa ta taɓa zamewa ta bar zane. Babban jet ɗin ya buɗe a rana ta uku. Na ɗaga shi sama na hango haske ta cikinsa.

Ƙaramin ne ya ƙi. Bakaniken ya ce shi ne mai riƙe injin idan babur yana tsaye, shi ke sa ya yi ta ƙugi a hankali ba tare da an murɗa ba. Hudarsa ta fi gashin kai kauri da kaɗan. Na zaro silin waya ɗaya daga tsohuwar igiyar birki, irin wadda Malam ya yi aiki da ita. Kullum bayan na gama markaɗe, na rufe famfon injina ya mutu da kansa, sai in zauna in kai bakin wayar kan hudar. Ba na iya dannawa.

Mako ɗayan ya zama bakwai. 'Yata ba ta sake tambaya ba, da safe takan ɗauki jakarta ta fita bakin titi. Na gaya mata zancen mukullin a makon jiya, tana cin abinci. Ta ajiye cokali na ɗan lokaci, sannan ta ɗauka ta ƙarasa. Har yau ba mu sake tayar da maganar ba.

Babur ɗin yana shagon bakanike, an jingine shi da bango. Farantin yana ƙarƙashin gadona, an jera komai daga dama zuwa hagu. Ƙaramin jet ɗin bai buɗe ba, ni kuma ban ce a sayo sabo ba.